Zuwa Ga Ɗana Mai Zama a Kujerar Dama

Gwagwarwa, Nassarawa, Kano
Daren Laraba

Ɗana,

Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka. Ka gaishe min da amaryata, ka faɗa mata angonta ya tsufa amma bai sake ta ba, alawarta na nan a aljihu. Mu nan lafiya ƙalau, sai hazo. Yau kwana huɗu ba mu ga rana da kyau ba, jiragen da ke ratsa saman gidan nan ma sun yi ƙaranci. Innarka ta ce gara haka, ko ta samu barcin rana, amma na lura duk ƙarar da ta ji sai ta ɗaga kai ta ce ko kai ne.

Ran Lahadi da ka kira, a tsaitsaye ka yi maganar, wai motar ma'aikata na jiranka a ƙofa. Abin da na tsinta shi ne ƙungiyarku ta ba kamfani wa'adi, manyan matuƙa suna ta ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, ku da kuka rage kuna tashi ba dare ba rana, kai kuma wani kamfanin ƙasar Larabawa ya kira ka gwaji. Ka ce, "Baffa, me ka gani?" Na ce ka bar ni in kwana da maganar. To, na kwana uku. Ka san ni da waya, in na fara magana sai kati ya ƙare ban kai inda za ni ba, shi ya sa na ɗauko biro. Ƙanwarka za ta ɗauki hoton takardun ta tura maka.

Ni dai sau biyu na taɓa shiga jirgi, zuwa Makka da dawowa, kuma duka biyun idona a rufe yake ina salati. Don haka ba zan koya maka aikinka ba. Amma shekara 24 na yi a masaƙa a Bompai, tara daga ciki ina sakataren ƙungiya na reshenmu, kuma rigimar ma'aikaci da mai kamfani, ko a ƙasa ake yin ta ko a sama, da wuya in kasa gane fuskarta.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne kalmar nan da kake ta nanatawa, wai ƙarancin matuƙa. A ina? A Kanon nan? Ko ka manta 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta kwashi yara 100 ta kai su Jordan koyon tuƙin jirgi? Suka dawo da lasisi a hannu, aka yi walima, aka ɗau hotuna da farar riga mai igiya a kafaɗa. Daga nan sai da yawansu suka yi shekara da shekaru ba su shiga gaban jirgi ba. Biyu daga cikinsu a tabarmar ƙofar gidan nan kuke hira. Kai ma da ka gama Zariya, bayan mun sayar da fulotin mahaifinka na Rimin Kebe, Allah ya jiƙansa, shekara uku ka yi kana tsaron shagon kayan waya a Fam Santa. Yau kuma a ce jirgi ya kwana a ƙasa don babu mai ja. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Da na zauna na haɗa abin da ka sha faɗa min, sai na ga ba abin mamaki ba ne. Yaro na fitowa daga makaranta da awa 200 ko kusa da haka. Wannan lasisin bai ba shi ikon jan Boeing 737 ko Embraer ba, sai ya sake yin horo na musamman a kan wannan samfurin jirgin, kuma kuɗin da dala ake biya. In ya samu ya shiga, kujerar dama zai zauna yana tara awanni. Kafin a ba shi babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai ya cika awa 1,500, kamfanoni kuma sukan nemi fiye da haka nesa ba kusa ba. Doka ba ta barin mutum ya wuce wajen awa 1,000 a shekara, kuma ba kowa ke kaiwa ba. Ashe ba matuƙa ne suka yi ƙaranci ba, kyaftin ne ya yi ƙaranci. Shi kuwa ba a sayo shi a kanti. Tsakanin yaron da ke zaune a gida da takardarsa da mutumin da ke kujerar hagu akwai tsani na shekaru, kuma rigimar duka a kan wa zai biya kuɗin tsanin ce.

Da can akwai mai ɗaukar wannan nauyi. Makarantar Zariya da ka yi a 1964 aka kafa ta, kuma shekaru da dama Nigeria Airways ke kwashe yawancin waɗanda ta yaye. Kamfanin gwamnati zai ɗauki yaro, ya biya masa horo, ya zaunar da shi kusa da tsohon hannu har ya nuna. Da kamfanonin 'yan kasuwa suka fito, irin su Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, a farkon shekarun 1980, rijiyar da aka riga aka haƙa suka tarar, kowa ya zura gugansa. A 2003 Nigeria Airways ta durƙushe. Idon rijiya ya toshe, masu guga kuwa sai ƙaruwa suke yi. (Su kuma tsofaffin ma'aikatanta sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22 da ɗoriya, rabin abin da suke bi, bayan da yawa sun rasu suna jira. Duk wanda ya taɓa jiran giratuti ya san irin wannan mutuwar.) Yanzu waɗanda ta horar suna cika shekara 65, inda doka ta ce a sauka, sai kowa ya fara salati. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowane kamfani so yake ya sayi dafaffe. In ya hango kyaftin a gidan maƙwabci sai ya ƙara masa kuɗi ya janye shi. In bai samu ba ya ɗauko ɗan wata ƙasa, ya biya shi da dala, ya kama masa otal. Hujjarsu ma ba ta banza ba ce: in na zuba kuɗi na horar da yaro, ranar da ya nuna Dubai za shi. Ga shi kuwa kai da kanka kana shirin gaskata su.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa maka ba.

A 1979 na shiga masaƙa ina yaron fita. Ba ka san Bompai ta wancan lokaci ba. In aka busa tashi daga aikin safe, kekuna ne ke cika titi har Gwagwarwa da Tudun Wada, tsallakawa ma sai ka yi jira, masu ƙosai da masu shayi a bakin get kowa na ciniki. Kamfaninmu na da ɗakin koyarwa. Duk shekara a ɗauki yara, a haɗa kowanne da heluma, yana bin sa da akwatin sifana. Shekara biyar na yi kafin a yarda in buɗe cikin injin saƙa ni kaɗai. Sai ga tsarin SAP a 1986, naira ta faɗi, kayan gyara da rini da sinadarai duk da dala ake shigo da su. Aka yi ta jan ƙafa har wajen 1991, ina sabon sakatare, manaja ya kira mu ofis ya ce kuɗin ba za su isa abu biyu ba: ko a ƙara wa manyan fitoci alawus ɗin da muke nema, ko a ci gaba da ɗakin koyarwa. Mu da ke zaune a teburin nan duk manyan fitoci ne. Yaran ba su da katin ƙungiya, ba su da ƙuri'a, ba su ma san ana zaman ba. Ba mu yi rabin awa ba muka zaɓa. Ni na sa hannu, da wannan hannun da nake rubuta maka. Ranar har ɗaga ni sama aka yi a bakin get.

Shekara bakwai, takwas, sai abin ya fara nuna kansa. Wasu suka tsufa, ido ya yi rauni. Wasu masu kamfanonin roba na Sharaɗa suka janye su da ƙarin albashi, wasu suka koma majemun Chalawa. Bayanmu babu kowa. Inji ya tsaya sai a taso mutum daga gida da tsakar dare, wanda ya yi aikin rana shi zai yi na dare. Wani abokina a tsaye barci ya ɗauke shi, bel ya tafi da yatsunsa biyu. Muka yi yaji a kan yawan aiki, mu da muka jawo shi. Kamfani ya ɗauko injiniyoyi daga Indiya yana biyan su da dala, kuɗin da ya ninka na ɗakin koyarwar da muka rufe. Ba na cewa wannan ne ya kashe masaƙarmu. Rashin wutar Nefa, tsadar baƙin mai, da atamfar waje da ta cika Kantin Kwari bayan an ɗage haramcin shigo da ita a 1997, su suka yi yankan. Su suka kai masaƙar KTL ta Kaduna ƙasa a 2002, da UNTL a 2007. Amma mu ma mun taya riƙe ƙafa.

Shi ya sa nake so ka ɗauko takardar buƙatun ƙungiyarku ka karanta ta da idon basira. Su wa suka rubuta ta? Su wa za su shiga ɗakin tattaunawa? In duk kyaftin-kyaftin ne, to na san abin da ke layin farko, kuma na san abin da za a fara jefarwa in ciniki ya yi zafi. Ka duba ko akwai inda aka ce kamfani zai ɗauki yara kaza a shekara ya biya musu horon samfurin jirgi. Ka duba ko an rubuta ƙa'idar hawa kujerar hagu, awa nawa, gwaji nawa, layin wa ke gaba, don kada a riƙa ɗauko baƙo ana ɗora shi a kanku. Ka duba ko an ce duk baƙon da aka kawo sai an ɗaura masa ɗan ƙasa da zai gaje shi, da wa'adi a rubuce. In babu, ka tashi a taro ka faɗa. Za su ce yaro ne kai. Ka ce i, shi ya sa.

Ba ina raina maganar albashi ba ne. Na san abin da ya same ku. Dala tana wajen naira 460 a farkon 2023, kafin ka ce kwabo ta haura 1,500 a 2024. Wanda ke zaune kusa da kai ana biyan sa da dala, kai ana biyan ka da naira, jirgi ɗaya, hadari ɗaya. Wannan ciwon tsoho ne, kuma yana cikin abin da ya sa ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ta tsayar da aiki a kamfanin Bristow a watan Agustan 2020. Amma ka tuna yadda aka kwashe. A makon yajin kamfanin ya sallami matuƙa da injiniyoyi wajen 100, Air Peace ma ta sallami matuƙa wajen 70 bayan sun ƙi yarda da rage albashi. Lokacin korona ne, jirage na kwance, ba wanda ke neman matuƙi ko kyauta. Shekara biyu bayan nan duniya ta buɗe, kamfanonin Amurka da suka lallaɓa tsofaffinsu suka yi ritayar wuri suka koma neman mutane ido rufe, har matuƙan Delta suka samu ƙarin kashi 34 cikin 100 a 2023. Mutanen su ne, aikin shi ne, kasuwa ce kawai ta juya. Ƙarfin da kuke ji yau aro ne, ɗana, mai shi zai zo ya karɓa. Abin da za ku saya da shi, ku sayi wanda zai daɗe. Ƙarin naira wata shida ke cinye shi, ƙa'idar da aka sa wa hannu kuwa tana nan ko bayan an canja manaja.

Mu ma mun taɓa yin irin kuskuren Agustan nan. Muka shiga yaji sito cike da atamfar da ba ta saidu ba. Ashe taimakon manaja muka yi: ya kashe janareta, ya huta da biyan albashi, ya bar mu a rana. Kwana goma sha ɗaya muka koma da kanmu, kowa na kallon ƙasa. Kafin ka tsayar da inji, ka fara sanin wa tsayuwar za ta fi ciwo.

Sannan kada ku ɗauka duk kukan da mai kamfani ke yi na munafunci ne. Wani na gaske ne. Tikiti da naira yake sayarwa, amma hayar jirgi, inshora, kayan gyara, da gwajin da ake tura ku waje duk wata shida a na'urar kwaikwayon tuƙi, duk da dala ne. A 2022 man jirgi ya tashi daga naira 190 zuwa 700 lita guda, har ƙungiyar masu kamfanonin ta yi barazanar ajiye jirage ranar 9 ga Mayu. Arik tun Fabrairun 2017 take hannun hukumar karɓar bashi ta AMCON. Azman ta nan Kano a Agustan 2023 ta tura ma'aikatanta hutun da babu albashi. Kabo kuwa sai labari. Abin da na koya a makare shi ne, in manaja ya ce babu, kada ka ce ƙarya yake, kada kuma ka ce gaskiya ne. Ka ce a buɗe littafi, ku zo da akantanku. Wanda ke da gaskiya ba ya ƙin buɗewa, kuma daga yadda ya amsa za ku san wanda kuke faɗa da shi.

Ku kuma tsare takardunku. A Janairun 2023, da ma'aikatan kamfanin hidimar filin jirgi na NAHCO suka yi yajin da ya tsayar da jirage a Legas, ministan lokacin, Hadi Sirika, wanda shi ma matuƙi ne, ya fito ya ce sabuwar doka ta hana yaji a harkar jiragen sama. Bai hana ƙungiyoyi yin na gargaɗi ranakun 17 da 18 ga Afrilu ba, amma sandar tana nan a jingine. A Kenya, Nuwamban 2022, kwana huɗu matuƙa suka yi kotu ta ce su koma. Duk wa'adi a rubuce, duk zama a rubuta abin da aka faɗa a sa hannu, lauya a kusa. Kai kuma kada ka zama mai zafin baki a WhatsApp. A kowane reshe akwai wanda ke kai rahoto, kuma yawanci shi ne wanda ya fi kowa ihu.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku da girman Allah: kada ku taɓa jigilar alhazai. Na san wani zai ce lokacin ne yaji zai fi ciwo. Haka ne. Amma tsohuwar da ta sayar da gonarta, ta kwana uku a sansanin alhazai, ba ta san sunan manajanku ba. Ku za ta kai ƙara wurin Allah. Dama mutanen gari ba sa tausayin matuƙi. Na taɓa ɗauko maganarku a majalisarmu ta bayan la'asar, wani tsohon direban tirela ya ce, "Su da ke shan iska a sama ana ba su abinci a faranti, su ma yaji?" Aka yi ta dariya. In kuka fito kuna maganar dala, babu mai saurarenku a Gwagwarwa.

Maganar da za a saurara ita ce ta hutu. Ka ce min akwai ranar da ka sauka Abuja ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ka isa masauki sha biyu da rabi, biyar na asuba aka buga maka ƙofa. Ka faɗe ta kana dariya, ni ban yi dariya ba, yatsun abokina na tuna. Mu da ke ƙarƙashin hanyar jirgi ba mu manta Asabar ɗin 4 ga Mayu 2002 ba, da jirgin EAS ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya faɗa cikin gidaje a Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka tafi, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku, har da waɗanda ke zaune a tsakar gidansu ba su sayi tikitin kowa ba. Ba ina cewa gajiya ce ta jawo wancan ba. Ina nuna maka ne cewa mu na ƙasa muna da haƙƙi a cikin barcinka. Ranar da ka san ba ka huta yadda doka ta ce ba, ka rubuta, ka ƙi tashi, ko ƙungiya na bayanka ko ba ta nan. In sun kore ka a kan wannan, ɗakinka na nan, Fam Santa ma ba ta tashi ba. A kan wannan kam ba shawara nake ba ka ba.

Saura maganar Larabawa. Ba zan ce kada ka je ba, arzikin mutum ba a gari ɗaya yake ba, kuma kakanninka ma fatake ne. Sai dai ka sani a irin su Dubai babu ƙungiya, babu yaji, babu wa'adi. A 2020 Emirates ta sallami ɗaruruwan matuƙa, kuma a ƙasashen nan in aiki ya tafi, iƙama ma ta bi shi, sai haɗa kaya da cire yara daga makaranta. Ka ce saura kaɗan a tura ka gwajin kyaftin. In ka tafi yanzu, sabon layi za ka bi daga baya. In ni ne, sai na hau kujerar hagu tukuna, in tafi da darajata. Ga kuma yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta shekara biyar lokacin da suka biya maka horo. Na san kana ganin an matse ka, kuma an matse ka ɗin, don mai neman aiki ba ya ciniki. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko ka cika wa'adin, ko ka biya ragowar ka karɓi takardar sallama. In ka sulale, ba kai kaɗai ka tafi ba, ka rufe ƙofa ne a fuskar yaron da ke bayanka, don gobe da sunanka za a kafa hujjar ƙin ɗaukarsa. Kuma kafin ka amsa musu komai ka je Dakata ka zauna da mahaifiyarka. Ta ji labarin a bakin ƙanwarka, ba ta ji daɗi ba.

Ɗaya daga abokan nan naka na Jordan ya zo gaishe ni da sallar da ta wuce. Yanzu siminti yake sayarwa a hanyar Haɗeja, kuma Alhamdulillahi yana samu. Muna zaune jirgi ya wuce, ya yi shiru har ƙarar ta ɓace, sannan ya faɗa min samfurinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya ce in ka zo ka neme shi, lambarsa ba ta canja ba.

Ka turo min hoton takardar buƙatun nan, in sa tabarau in duba, kada ka ji nauyi. In an sa ka a jirgin Kano bayan hazon nan ya lafa, ka sanar da mu tun da wuri. Innarka ta yi maka dambun nama da yaji, ta ce ko a bakin get ne ƙanwarka za ta miƙa maka. Kwanon ɗakin baya da ka aiko kuɗinsa an buga, saura silin.

Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Baffanka.